Kafin a Miƙa wa Yaro Makullin Mota: Shawarwari 13 kan Inshora

A duk gidan da Allah ya hore wa mota, akwai ranar da yaro zai cika shekara 18, ya karɓo lasisi, ya fara yi wa makulli kallon nasa. Iyaye kan ji daɗi, domin an samu mai kai ƙanne makaranta, mai raka Hajiya asibiti, mai ɗauko baƙi daga tasha. Tambayar da ba a cika tsayawa a yi ba ita ce: in ya buge wani, ko ya shiga bayan motar mutane, wa zai biya?

Wannan ba fatan tsiya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Sabon direba ya iya murza sitiyari, amma idonsa bai nuna ba. Bai san mai Adaidaita Sahu zai iya cin birki a tsakiyar titi don ya hango fasinja ba, bai kuma san yadda kwalta ke santsi a ruwan farko ba. A Ingila da Amurka kamfanonin inshora suna tsauwala wa matasa kuɗi saboda wannan dalili, sai uba ya ji a aljihunsa cewa lissafi ya canja. A Najeriya kuwa kuɗin inshorar dole ɗaya ne ga ɗan shekara 18 da ɗan shekara 60, shi ya sa babu abin da ke ankarar da mai gida. Ga abubuwan da ya kamata a daidaita kafin makulli ya bar hannunku, ɗa ne zai karɓa ko 'ya.

1. Lasisi na gaske shi ne tushe

Kowace takardar inshorar mota tana da sharaɗin cewa wanda ke tuƙi yana da lasisi mai aiki. In babu shi, kamfani na da hujjar janye jikinsa, ko da kun biya kuɗinku cif. Saboda haka a bi hanya: yaro ya shiga makarantar koyon tuƙi wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta amince da ita, ya yi gwaji wajen jami'an duba motoci na VIO, a haɗa da lambarsa ta NIN, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa da kansa. Za a fara ba shi lasisin wucin gadi na kwana 60. Kada a bar shi ya mutu a aljihu, a koma ofishin tun kafin ranar.

Ku guji mai cewa ku kawo fasfo biyu da kuɗi, gobe ya kawo muku lasisi har gida. Ku guji ƙara wa ɗan shekara 16 shekaru don a cika sharaɗi. A shingen hanya irin wannan kati yana iya wucewa, amma ranar da ake maganar diyyar miliyoyi kamfani zai bincika shi ciki da bai. Wanda kuma yake kan koyo, takardar izinin koyo gare shi, ba ta ba shi damar fita shi kaɗai ba. Sai da mai lasisi a gefensa da alamar koyo a jikin mota.

2. Ku san abin da inshorar dole take biya, da abin da ba ruwanta da shi

Dokar 1945 ta wajabta wa duk mai abin hawa a Najeriya inshorar ɓangare na uku, kuma sabuwar dokar inshora da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Agustan 2025 ba ta sauke wannan wajibi ba. Ɓangare na farko ku ne, na biyu kamfani, na uku shi ne mutumin da aka yi wa ɓarna. Daga 1 ga Janairun 2023 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar abin da za a biya na ɓarnar dukiyar wani daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Rauni da asarar ran wani mutum su ma suna cikin abin da take ɗauka. Rundunar 'yan sanda ta fara matsa lamba kan binciken wannan takarda daga 1 ga Fabrairun 2025.

Abin da ba ta biya shi ne naku. Ba za ta gyara motarku ba, ba za ta biya ku in an sace ta ko ta kama da wuta ba, ba za ta biya kuɗin asibitin yaronku da yake kan sitiyari ba. Sannan miliyan 3 ɗin nan iyaka ce. In ya lalata motar da gyaranta ya kai miliyan 5, ragowar biyun a wuyanku take. Masu zama a birane irin Abuja, inda manyan motoci suka cika titi, su tambayi kamfani nawa zai karɓa ya ɗaga musu wannan iyaka.

3. Ku tabbatar takardar ba jabu ba ce

Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa taka ofishin kamfanin inshora ba. Muna ba wani kuɗi a bakin ofishin lasisi ya sabunta mana takardun mota gaba ɗaya, sai mu ga wata takarda mai tambari a ciki, mu cusa a aljihun mota. Ta nan 'yan cuwa-cuwa suke cin kasuwarsu. Alamar farko ita ce farashi: duk wanda ya sayar muku da ita ƙasa da naira 15,000, akwai lauje cikin naɗi.

Tantancewa ba ta cin minti biyar. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai mai suna NIID. Ku shiga askniid.org, ko ku danna *565*11# a waya, ku sa lambar mota. In takardar ta gaskiya ce za ku ga sunan kamfani da ranar ƙarewarta. In ba ta fito ba bayan 'yan kwanaki da saye, ku koma wa wanda ya sayar muku. Ku kuma gwada lambar mota da lambar shasi da ke jikin takardar da waɗanda ke jikin motar, harafi bayan harafi. Kuskuren lamba ɗaya ya isa ya jawo ja-in-ja ranar biyan diyya. Mafi kwanciyar hankali shi ne a saya kai tsaye daga kamfani mai lasisin NAICOM, ko ta hannun dillalin inshora mai rajista, a biya ta banki, a adana rasit.

4. Ku duba wa takardar ta yarda ya tuƙa, ku kuma sanar da kamfani

Wannan ita ce gaɓar da ta fi shafar gidan da aka yi sabon direba. A jikin takardar akwai wurin da aka rubuta waɗanda aka yarda su tuƙa motar. Wata takan ce mai motar da duk wanda ya ba izini, muddin yana da lasisi. Wata kuwa sunaye take jerawa, wanda duk ba ya ciki ba ya cikin kariya. A cikakkiyar inshora ma akan tarar da sharaɗin shekaru, ko na tsawon lokacin da mutum ya yi da lasisi.

Kada ku yi zato. Ku rubuta wa kamfani, ko da saƙon imel ne, ku ce ɗanku mai shekara kaza ya karɓi lasisi ranar kaza, zai riƙa tuƙa motar, ku haɗa da hoton lasisin. Ku nemi su amsa a rubuce. Maganar baki da wakilin kamfani ba ta zama hujja, domin gobe yana iya barin aikin.

Inshora yarjejeniya ce da aka gina kan faɗin gaskiya. In motar ta yaro ce, shi ke zuwa jami'a da ita kullum, kada a rubuta cewa uba ne mai tuƙa ta don a rage kuɗi. Ɓoye irin wannan bayani yana ba kamfani damar soke yarjejeniyar a daidai lokacin da kuke buƙatarta. Haka nan in kun saya masa mota a hannun wani, inshorar tsohon mai ita ba ta bin ta. A canja sunan mallaka, a yanki sabuwa.

5. Ku auna ko lokacin cikakkiyar inshora ya yi

Cikakkiyar inshora ta haɗa duk abin da ta dole take yi, ta ƙara da gyaran motarku, da gobara, da sata. NAICOM ta tsayar cewa kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota. Motar naira miliyan 6 ke nan za ta ci aƙalla naira 300,000 a shekara. Kuɗi ne mai nauyi, ba kowane gida ne zai iya ba.

Ga yadda za a yanke shawara. Mai gida ya tambayi kansa: in aka wayi gari motar nan ta zama ta 'yan gwangwan, zan iya sayen wata ba tare da na taɓa jari, ko kuɗin makaranta, ko na sayar da fili ba? In amsar a'a ce, kuma motar ita kaɗai ce a gidan, to shekara biyun farko na tuƙin yaro su ne lokacin da cikakkiyar inshora ta fi cancanta. In kuwa akwai tsohuwar mota mai lafiyar birki da taya wadda darajarta ba ta taka kara ta karya ba, a ba shi ita ya goge hannunsa, a yi mata inshorar dole, a ware ɗan abin gyara a gefe. Akwai kuma matsakaiciya, wadda ta haɗa ta dole da gobara da sata kawai.

Ko cikakkiyar ma ba komai take ɗauka ba. Ambaliya da ɓarnar tarzoma galibi sai an nemi a ƙara su, an biya ƙari. Wanda ya ga yadda ruwa ya shanye motoci a Maiduguri a watan Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, ba zai raina wannan tambaya ba.

6. Ku tambayi kason da za ku fara biya daga aljihunku

A cikakkiyar inshora akwai wani kaso na kowace ɓarna da mai mota yake ɗauka, kamfani ya cika sauran. Misali, in kason naira 50,000 ne, gyara ya kama naira 400,000, kamfani zai ba da 350,000. In gyaran bai kai 50,000 ba, ba za su ba da ko sisi ba. Kamfanoni da dama suna ɗora ƙarin kaso in wanda ya yi haɗarin matashi ne ko sabon hannu. Ku sa a nuna muku layin da aka rubuta shi, da adadinsa. Wasu suna sayar da damar cire kason gaba ɗaya. Tunda sabon direba ya fi yawan ƙananan ɓarna, irin su goge bamba a ƙofar gida da fasa fitila wajen juyawa, wannan lissafi ne da ya kamata a yi tun farko.

7. Ku rubuta darajar mota ta yau, ba ta ranar saye ba

Faɗuwar naira ta sa motar da aka saya shekaru huɗu da suka wuce ta ninka kuɗinta a kasuwa. Wasu kan bar tsohon farashi a takarda don kuɗin inshora ya yi sauƙi. Araha ba ta ado. In motar miliyan 8 aka rubuta ta a miliyan 4, aka sace ta, miliyan 4 ne iyakar abin da za a karɓa. In kuma gyara ne, kamfani na iya cewa rabin daraja kuka yi wa inshora, rabin gyara zai biya. Ƙara farashi fiye da kima shi ma asara ce, domin darajar kasuwa za su bi. Kafin kowace sabuntawa, a leƙa wajen dillalan mota a ji abin da irinta take yi.

8. In zuciya ba ta kwanta ba, akwai takaful

Iyaye da yawa suna ƙyamar inshora ne saboda addini, kuma damuwarsu tana da tushe. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, OIC, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda yawan rashin tabbas da ke cikin cinikin, ta kuma halatta ta taimakekeniya. Tun kafin nan, a 1979, an kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan. A Najeriya NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da Salam Takaful.

Tsarin shi ne mahalarta su zuba gudummawa a asusu ɗaya da niyyar taimakon juna. Wanda tsautsayi ya faɗa wa, a biya masa daga ciki. Kamfani yana karɓar ladan kula da asusun, ba ya juya kuɗin a harkar riba, akwai kuma kwamitin malamai da ke sa ido. In shekara ta ƙare da rara, akan raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Takardar takaful ta mota tana cika sharaɗin doka kamar kowace.

Dama can Musulunci bai bar wanda ya yi kisan kuskure shi kaɗai da nauyin diyya ba, danginsa ne suke haɗuwa su ɗauka. Yau dangi sun warwatsu, kowa na fama da kansa, asusun haɗin gwiwa ne yake toshe wannan giɓi. Sai dai a gaya wa yaro ƙarara: kamfani na iya biyan kuɗi, amma ba ya yi wa kowa azumin kaffara, ba ya kuma dawo da rai.

9. Ba kabu-kabu, ba aron makulli

Inshorar motar gida ta zirga-zirgar gida ce: makaranta, kasuwa, ziyara, wurin aiki. Ranar da yaro ya tsaya a bakin hanya ya ɗebi fasinja don ya sami na fetur, ko ya yi rajista da Bolt ko inDrive da motar, ya fita daga abin da aka yi yarjejeniya a kai. Haya tana da inshorarta daban, da lasisinta daban. Da tsadar mai, jarabar yin haka tana da ƙarfi ga ɗalibi, don haka gara a yi maganar a fili tun kafin a ji labari a ofishin 'yan sanda.

Na biyu shi ne abokai. "Ba ni in ɗan zaga" ta jefa gidaje da yawa cikin bashi. Izinin da kuka ba ɗanku bai zama izini ga abokinsa ba, balle abokin da ba shi da lasisi. Na uku, tsere da wasan mota, irin wanda samari ke yi a rakiyar amarya ko ranar kammala makaranta. Takardun inshora sun cire tsere daga abin da suke ɗauka, haka ma tuƙi cikin maye, ko na giya ne ko na ƙwaya ko na maganin tari. Ku karanta masa waɗannan layuka da bakinku, ya san cewa ba tsaurin Baba ba ne kawai.

10. Ku kafa dokar gida ta watannin farko

A jihohin Amurka da dama doka ta hana sabon direba matashi tuƙi da tsakar dare, ta kuma taƙaita yawan sa'anninsa da zai ɗauka, domin a waɗannan yanayi biyu ne haɗarinsu ya fi yawa. Abin da hukuma ba ta ɗora mana ba, gida na iya ɗora wa kansa. A watanni shidan farko, mota ta dawo gida kafin sallar isha'i. Kada ya ɗauki aboki fiye da ɗaya. Kada ya hau babbar hanya, irin ta Kano zuwa Zariya ko Kaduna zuwa Abuja, sai da babba a gefensa. Waya ta zauna a aljihu har sai an tsaya. Kowa ya ɗaura bel, na gaba da na baya. Ya haddace iyakar gudu ta ƙaramar mota: kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya.

Ku sa masa hannu a cikin nauyin. In yana da abin yi, ya kawo wani abu a kuɗin inshora. In tarar FRSC ce ko ta hukumar KAROTA ta Kano ta same shi da laifinsa, ta fito daga kuɗin kashewarsa. Wanda ya san zafin biya ya fi taka birki da wuri. Uba kuma ya duba nasa tuƙin, domin yaron da ya tashi yana ganin ana tsallake danja ba zai ji wa'azin baki ba.

11. Ku koya masa abin yi a minti goman farko bayan haɗari

Matashi in ya yi karo, tsoro biyu ne ke kama shi: na jama'a da na gida. Su ne suke sa shi gudu, ko ƙarya, ko alkawarin abin da ba zai iya ba. Ku cire masa na gida tun yanzu. Ku ce masa: "Ko me ya faru, ni za ka fara kira. Faɗa sai mun dawo gida." Sannan a rubuta masa waɗannan a ƙaramar takarda, a ajiye tare da takardun mota:

Ya tsaya, ya kashe mota, ya kunna fitilun gargaɗi. In akwai wanda ya ji rauni, shi ne farko: a kira FRSC a 122, ko lambar gaggawa 112, a kai shi asibiti. In ya ga taro na neman zama fitina, ya nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa ya kai kansa, wannan ba gudu ba ne. Ya ɗauki hoton motocin a inda suka tsaya kafin a matsar da su, da lambobinsu, da hanyar, da takardar inshorar ɗaya direban. Ya karɓi lambar wayar shaidu biyu.

Ya yi magana da ladabi: "Sannu Alhaji, Allah ya tsare gaba. Motar tana da inshora, ga mahaifina nan zuwa." Jaje daban, amsa laifi daban. Kada ya ce shi zai biya, kada ya sa hannu a kowace takarda. Takardun inshora suna hana amsa laifi ko yin alkawarin biya ba da yardar kamfani ba. Ku kuma ku kira kamfani a ranar, ku bi da rubutu, domin jinkirin sanarwa na daga cikin dalilan da ake ƙin biya.

12. Sulhu alheri ne, amma kada ya cinye haƙƙinku

Al'adarmu ce in an yi karo manya su shiga tsakani, a ce a yi haƙuri, kowa ya gyara tasa, ko a tafi wajen bakanike a raba kuɗi. In ɓarnar 'yar ƙarama ce, wadda ba ta kai kason aljihunku ba, hakan ya fi sauƙi. A rubuta abin da aka amince, kowa ya sa hannu a gaban shaidu, kada a dawo bayan mako biyu da sabon lissafi.

In ɓarnar babba ce, ko an ji rauni, ko an rasa rai, kada a gama sulhun kuɗi kamfani bai sani ba. Ku je dubiya, ku je ta'aziyya, ku yi duk abin da mutunci ya ɗora muku, amma maganar adadi ta jira su. Za su nemi rahoton 'yan sanda, da hoton lasisin direba, da takardun mota, da hotunan ɓarna, da kiyasin gyara. Kada a taɓa motar sai mai dubawarsu ya gani. Wanda ya gyara sannan ya kai rasit ya ba su hanyar musu.

In an cika komai kamfani ya yi ta jan ƙafa, ku rubuta wa shugabanninsa, ku riƙe kwafi. In shiru ta yi yawa, NAICOM tana da sashen karɓar koke-koke, kuma tana da ikon tilasta wa kamfani biyan abin da ya tabbata a kansa. In kuwa yaronku aka buga, ku ne ɓangare na uku, kuna da haƙƙin neman diyya daga kamfanin wancan direban. Mutane da yawa suna barin wannan haƙƙi don ba su san da shi ba.

13. Ku riƙe ranar ƙarewa, kada kuma ku manta da babur

Inshorar mota ta wata 12 ce, kuma ƙa'idar ita ce in ba a biya ba babu kariya. Ba a cin bashinta, ba ta da ranar alfarma. In ta ƙare ranar Talata aka yi karo ranar Laraba, babu mai sauraronku. Ku sa tunatarwa a waya mako biyu kafin ranar, ku ɗora wa yaron alhakin tuna ranar ƙarewar inshora da ta lasisinsa da ta sauran takardu. In shekara ta wuce lafiya ba ku nemi diyya ba, ku tambayi kamfani rangwamen da yake yi wa irinku.

A gidaje da yawa na Arewa, babur ne abin hawan farko na saurayi, ba mota ba. Shi ma doka ta hau kansa. A farashin NAICOM na 2023, inshorar babur naira 3,000 ce a shekara, tana ɗaukar ɓarnar dukiya har naira miliyan 1. Ta Keke Napep naira 5,000 ce, iyakarta miliyan 2. Babur na da nasa rukunin lasisi, kuma hular kwano ba ado ba ce.

Duk abin da aka lissafa a nan, in aka cire cikakkiyar inshora da neman lasisi, bai wuce aikin yini ɗaya da kuɗin da bai kai na cika tanki ba. Iyaye, a daren yau ku fito da takardun motar, ku danna lambar tantancewa, ku karanta layin da ya faɗi wanda aka yarda ya tuƙa. In yaronku ba ya ciki, makulli ya kwana a hannunku har sai an gyara. Allah ya tsare mana su, ya tsare mutane daga hannunsu.